Hamayya, Jifa da Dokin Tsakiyar Kogi

Tambayoyin wannan karon duk daga masoya ƙwallon ƙafa suka fito, kuma daga zafin da aka rubuta su da shi na fahimci cewa yawancin masu tambayar ƙungiyarsu ce ta sha kashi.

Tambaya: Malam, wasan Real Madrid da Barcelona wasan hamayya ne, ko na adawa, ko na gaba? Mun yi musu da abokina har muka rabu baram-baram.

Amsa: Hamayya ce kalmar da ta dace. Hamayya ita ce ja-in-ja tsakanin tsara biyu da ke neman abu ɗaya, kowa yana son ya fi ɗan'uwansa, ba tare da lallai yana nufinsa da sharri ba. Adawa kuwa daga Larabci muka aro ta, inda take nufin ƙiyayya tsantsa, amma siyasa ta sassauta ta a bakinmu har muke cewa jam'iyyar adawa ba tare da jin an zagi kowa ba. Gaba ita ce mafi nauyi, domin masu gaba ko gaisuwa ba ta haɗa su, saboda haka mai sharhin da ke kiran ƙungiyoyi biyu abokan gaba alhali 'yan wasansu suna musayar riguna bayan an tashi ya yi wa kalmar ɗaukar ganganci. Ban ce hamayya ba ta rikiɗewa ta zama gaba ba. Luis Figo ya bar Barcelona ya koma Real Madrid a 2000, kuma a 2002 da ya je bugun kusurwa a filin Camp Nou har kan alade aka wurgo masa daga cikin 'yan kallo. A wannan daren, ko ni ba zan hana kowa faɗin gaba ba. Sai dai ka lura, abin da ake kira dabi a asali karawar ƙungiyoyin gari ɗaya ce, kamar Manchester United da Manchester City, ko Al Ahly da Zamalek a Alƙahira. Madrid da Barcelona garuruwa biyu ne, kuma tun 1902 suke karawa.

Tambaya: Canjaras da kunnen doki ɗaya ne?

Amsa: Ɗaya ne a filin wasa. Kunnuwan doki babu wanda ya fi wani tsawo, shi ke nan.

Tambaya: Malam, da doguwar jifa aka ci mu, domin ɗan bayansu ya jefi ɗan gabansu, shi kuma ya sa kai. Shin jifa Hausa ce ingantacciya a nan, ko turowin na Turanci za mu ci gaba da cewa?

Amsa: Kafin in amsa, ɗan'uwa, bari in gyara maka abubuwa biyu. Na farko, jifa namiji ne, don haka dogon jifa ake cewa, kamar yadda muke cewa jifan Shaiɗan. Na biyu, idan da gaske ɗan bayansu ya jefi ɗan gabansu, to, faɗa ne ya kaure a tsakaninsu, kuma alƙalin wasa zai iya ba shi jan kati. Wannan kuskure yana damuna ƙwarai, domin ina jin sa har a bakin waɗanda sharhi ne sana'arsu. Aikatau biyu ne a nan waɗanda rubutu ya haɗa su amma karin sauti ya raba su. Akwai wanda abin da aka wurga yake biyo bayansa: ya jefa ƙwallo, ya jefa ta. Akwai kuma wanda abin da aka nufa da jifan yake biyo bayansa: ya jefi kare da dutse, ya jefe shi. Abin da kake son faɗi shi ne ya jefa wa ɗan gabansu ƙwallo, ko kuma ya jefo masa, idan daga wajen mai karɓa kake kallon lamarin. Da ya ji tsoro ya wurga ta inda babu kowa, sai mu ce ya jefar da ita. Duba yadda saiwa ɗaya ta ba mu wanda aka nufa, da inda ƙwallon ta dosa, da hukuncinmu a kan mai jifan, sannan a ce wai sai mun ari turowin.

Idan za a bi ƙa'ida sau da ƙafa, jefowa ta fi kusa da abin da ake yi, tunda daga bakin layi ake mayar da ƙwallo cikin fili. Amma jifa ya riga ya zauna a bakin jama'a, gajere ne, kowa yana ganewa, kuma ba ni da ja a kansa. Cilla da wulla suna nuna ƙarfi da nisa, saboda haka sun dace da irin wanda ya ci ku.

Game da masu cewa cin jifa ba ci ba ne, dokar wasa ta 15 ta tsara shi: hannu biyu, daga bayan kai a bi ta samansa, ƙafafu biyu a kan layi ko a wajensa, abokan karawa kuma su ja da baya aƙalla mita 2. Ba a cin ƙwallo kai tsaye daga jifa, amma kuma babu satar gida ga wanda ya karɓa, wanda shi ne ya sa masu wayo suke ɗaukarsa kamar bugun kusurwa. Rory Delap na Stoke City ya shahara da wannan a zamanin mai horarwa Tony Pulis, kuma a Nuwamban 2008 Stoke ta ci Arsenal 2 da 1, duka ƙwallayen biyu daga jifansa suka samo asali. A 2018 Jürgen Klopp, mai horar da Liverpool a lokacin, ya ɗauko Thomas Grønnemark, mutumin Denmark, domin ya koya wa 'yan Liverpool jifa kawai, wasu suka yi ta dariya. Na ga wani ya kawo karin maganar nan, komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, yana nufin dabarar ba ta da amfani. Bai fahimce ta ba. Ma'anarta ita ce komai daɗewar abu yana da ƙarshe, kuma a wasanku a kan ɗan gabansu jifan ya faɗo.

Tambaya: Malam, muna kira a kori kociyanmu saboda ya cire ɗan gaba ya sa ɗan baya muna neman ci, sai wani ya ce Hausawa sun ce ba a sauya doki a tsakiyar kogi. Me take nufi?

Amsa: Tana nufin kada a canza jagora ana tsakiyar aiki, amma Hausawa ba su faɗe ta ba. Maganar Turawa ce, wadda ta yi fice bayan shugaban Amurka Abraham Lincoln ya yi amfani da ita a 1864 yana neman a sake zaɓensa ana cikin yaƙin basasa. Ba laifi ba ne a fassara hikimar wasu, laifin shi ne a liƙa mata "Hausawa sun ce" don a rufe bakin abokin musu. Mai kare kociya yana da tasa ta gida: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, domin kociya ya ga atisaye, ya san wanda ke ɗingishi, ku kuwa minti 90 kawai kuka gani. Mai son raba laifi tsakanin kociya da 'yan wasa sai ya ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ku masu neman a kore shi, taku ita ce ba a fafe gora ranar tafiya, idan har zarginku shi ne bai shirya wa wasan tun da wuri ba. Ni dai a ganina ta ɓeran ce ta fi dacewa da labarin da ka bayar, tunda ba kociya ne yake buga ƙwallon a fili ba.

Tambaya: Kociya, koci ko mai horarwa?

Amsa: A rubutu mai horarwa, a hira duk wanda ya zo bakinka. Amma jam'in mai horarwa masu horarwa ne, kada in sake ganin "mai horarwai".