Hotuna sun fito dishi-dishi bayan bugu

Malam, ka ce hotunan ras suke a kwamfuta, amma da aka buga littafin taronku a Jos sai suka fito dishi-dishi. Injin ba shi da laifi, jan hoton aka yi. Bugu na son dpi 300, wato fiksel (ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto) 300 a kowane inci, don haka hoton da zai cika A4 sai ya kai fiksel 2480 da 3508. Mai fiksel 1200 a faɗi iyakarsa santimita 10. Ka ja shi zuwa santimita 20, dpi ya dawo kusan 150, fuskoki su farfashe, har aikin hula ya daina fitowa. Ƙara lambar dpi a Photoshop ba ya ƙaro komai. Nemi asalin hoton wurin mai ɗauka, ya turo maka a matsayin fayil, don WhatsApp matse hoto yake yi.