Hukuncin da bai yi mana daɗi ba, a kai wa alƙali ko a yi shiru?

Ɗana, ka ce kana haɗa jawabinmu na ƙarshe a shari'ar gonar nan ta hanyar Batagarawa, sai ka ci karo da wani hukuncin Kotun Ƙoli da ya saɓa wa matsayarmu, kuma lauyan ɗaya ɓangaren bai ambace shi ba. Shi ne kake tambaya, tunda shi bai gani ba, ina ruwanmu?

Da ruwanmu. Saka shi za ka yi, da sunan shari'ar da shekararta da shafin da maganar take.

Dokokin ɗa'ar aikin lauya na 2007, waɗanda aka sabunta a 2023, ba su bar ƙofa a nan ba. Doka ta 30 ta ce lauya jami'in kotu ne, kada ya yi abin da zai kawo cikas ko jinkiri ga shari'a. Ta 32 kuma ta wajabta masa bayyana hukuncin da ya san ya saɓa wa wanda yake wakilta kai tsaye, in abokin karawa bai kawo shi ba. Na san an karantar da ku wannan a makarantar horar da lauyoyi ta Bagauda, amma a aji ba wanda ya sayar da shanunsa ya biya ka kuɗin aiki, yana zaune bayanka yana jiran nasara.

Duba abin ta kujerar alƙali. Mai shari'a a Babbar Kotun Katsina yakan zauna da jerin ƙararraki tun safe, ga rubutu da hannu, ga hukunce-hukuncen da ke jiran sa a ofis. Ba zai iya bin kowane kundi ba, da mu ya dogara. Sashe na 287 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 kuwa ya ɗaure shi da bin abin da Kotun Ƙoli ta yanke. In ka ɓoye masa, ka sa shi ya yi gini a kan rairayi. Ɗaya ɓangaren su ɗaukaka ƙara, wani lauyan ya tono hukuncin, a rushe komai bayan shekaru, mai gonar ya tashi ba gona ba kuɗi. Kai kuma daga ranar duk abin da ka karanto a gaban alƙalin sai ya sa an ɗauko littafin ya duba da idonsa. Alƙalai suna hira da juna fa, kamar yadda mu ma muke yi da su a bayan ido.

Bayyanawa ba miƙa wuya ba ce, a nan ne ma ake gane lauya. Ka karanta hukuncin tun daga farko, kada ka tsaya a taƙaitawar da masu buga rahoto suka ɗora a sama. A waccan shari'ar me aka yi jayayya a kai, gado ne ko ciniki? Takarda aka kawo ko shaidun iyaka? Maganar da ta tsorata ka, ita ce ginshiƙin hukuncin, ko alƙali ya faɗe ta ne a kan hanya? In da bambanci, ka miƙe ka ce, "Ya Mai Shari'a, ga hukuncin da za a iya cewa ya saɓa mana, ga kuma inda ya rabu da tamu." In babu, mu kira mutumin mu gaya masa gaskiya, a nemi sulhu tun da sauran abin da zai tsira da shi.

Kada kuma ka haɗa wannan da sirrin wanda kake karewa. Abin da ya faɗa maka a ofis amana ce, ba aikinka ba ne ka kai wa abokin gaba. Abin da ba a ɓoye wa kotu shi ne abin da doka ta ce. Iyakar ita ce, ba ka tsayar da shaidan da ka san ƙarya zai rantse a kai, ba ka kuma faɗi da bakinka abin da ka san ba haka yake ba. Kwamitin ladabtar da lauyoyi yana da ikon jan kunne, da dakatarwa, da soke suna gaba ɗaya.

Alhajin zai yi fushi, zai ce ya ɗauki lauya yana yi wa abokin gaba aiki. Wannan ka bar mini shi. Kai dai ka kwafo hukuncin gaba ɗaya, ka ja layi a inda ka ga bambanci, mu zauna a kai bayan La'asar.