Ku Tambayi Anti: Zawon haƙori ne ko kuwa?

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a taimaka min. Ɗana wata bakwai, yau kwana uku yana gudawa kamar ruwa, wani lokaci har da amai, uwar mijina ta ce zawon haƙori ne zai tsaya da kansa, maƙociyata ta kawo min agbo, jiƙon gargajiya na Yarbawa, mai kemis ɗin layinmu kuma ya ba ni Flagyl da maganin haƙori. Yanzu na ga maɗigarsa ta faɗa ciki kuma ya rage kama nono. Ya zan yi?
Maman Abba, Agege

Wa alaikumus salam Maman Abba. Ki ajiye komai ki kai yaron nan asibiti yau ɗin nan, kar ki jira gobe. Maɗiga da ta faɗa ga ƙin nono, alama ce ruwan jikinsa ya fara ƙarewa, kuma abin da ke kashe yara a gudawa kenan. In dare ya yi primary health centre ɗin unguwarku ta rufe, ki wuce babban asibiti, ko LASUTH, asibitin koyarwa na jihar Legas da ke Ikeja, ba ta da nisa da ku, kuma layin gaggawa na 112 yana aiki a Legas.

Uwar mijinki ba mugunta take yi ba, haka aka gada, amma fitar haƙori ba ya kawo gudawa mai ruwa ta kwana uku. Abin da ke faruwa shi ne a daidai wannan watannin yaro ya fara rarrafe, duk abin da ya samu a ƙasa baki yake kaiwa, an fara ba shi kunu da ruwa, ga kuma dasashi na masa ƙaiƙayi, to ƙwayoyin cuta sai su samu hanya, mu kuma sai mu ɗora wa haƙori laifi. Ki zauna da ita ki yi mata bayani cikin ladabi, in da hali ma ku tafi asibitin tare ta ji daga bakin likita.

Kafin ku isa, da kuma bayan kun dawo gida, ORS, wato ruwan gishiri da sukari na ƙunshi, shi ne abokin tafiyarki. Ki duba jikin takardar, yawanci ana haɗa ƙunshi ɗaya da lita ɗaya na ruwan da aka tafasa ya huce, lita ɗaya kuwa daidai take da ledar pure water biyu. Ki dinga ba shi da cokali kaɗan kaɗan, duk bayan zawo kamar rubu'in kofi zuwa rabi, in ya yi amai ki jira minti 10 ki ci gaba a hankali. Abin da ya kwana ya wuce awa 24 ki zubar ki haɗa sabo. Sai maganin zinc, yaron da ya wuce wata shida ana ba shi 20mg kullum har kwana 10 zuwa 14 ko da zawon ya tsaya, mata da yawa nan suke yin sakaci. Nono kuma kar ki daina ko kaɗan, ki ƙara ma yawan ba shi.

Agbo da Flagyl ɗin nan ki tsayar da su. Yawancin gudawar jarirai virus ne ke kawo ta, Flagyl ba ya mata komai sai in likita ya duba ya ga dalili. Maganin haƙori kuwa wallahi raina yana ɓaci in na ji an ba jariri, a 2008 wani ruwan maganin haƙori mai suna My Pikin da aka gurɓata da sinadari mai guba ya lalata ƙodar yara, sama da 80 suka rasu a Najeriya, har NAFDAC ta hana sayar da shi. Kuma kar a shafa komai a maɗigar, da ruwa ya koma jikinsa za ta ciko da kanta. In kin ga jini a kashinsa, ko zazzaɓi mai zafi, ko ido ya zurma, ko yana ta barci da ƙyar ake tashinsa, ko ya daɗe bai yi fitsari ba, ki koma asibiti ko da an sallame ku.

Anti na je gida Katsina wankan jego, 'yata ta samu allurar haihuwa kawai, yanzu wata huɗu mun dawo Mile 12 a Legas kuma katin ya ɓata. Ta makara ne?
Maman Husna

Ba ta makara ba 'yar'uwa. Ki je primary health centre mafi kusa ki faɗa musu abin da aka yi mata, za su ba ki sabon kati su fara mata allurorin sati 6, 10 da 14 da ta rasa, da tazarar sati huɗu tsakani, ciki har da ɗigon rotavirus mai kare yara daga irin gudawar da muka yi magana a sama, shi yana da iyakar watanni don haka ki hanzarta. Ta ƙyanda da ta zazzaɓin shawara sai wata tara. Rigakafin kyauta ne a asibitin gwamnati, sabon katin kuma ki ɗauki hotonsa a waya.