Hoton ƙirji sau biyu da tsoron ciwon daji

Malam, ka tambaya ko hoton ƙirjin da aka yi wa ɗanka sau biyu a Kumasi zai jawo masa ciwon daji. Hoto ɗaya yana ba jiki kimanin milisibat 0.1 na hasken da ke ratsa jiki (milisibat shi ne ma'aunin wannan haske), alhali ƙasa, iska da abinci suna ba mutum kusan 2.4 a shekara. Galibin abin da masana suka tabbatar game da illar wannan haske, daga waɗanda suka tsira daga bama-baman nukiliya da aka jefa a biranen Hiroshima da Nagasaki na Japan a 1945 aka samo shi. Ƙasa da milisibat 100 kuwa, illar ta yi ƙanƙantar da har yanzu ake muhawara a kanta. Ni dai shawarata, ka adana fim ɗin a ambulan ɗinsa, ka nuna wa likita kafin a sake wani. Allah ya ba yaron lafiya.