Me ke sa ƙasa ta ci wuta a gandun daji, kuma akwai fargabar haka a Yankari?

Tambaya: Na ji a rediyo cewa a Indunusiya ƙasa ce da kanta ke kama wuta, ta yi watanni tana ci, har a cikin gandun dajin da hukuma ke gadi. Ta yaya ƙasa za ta ci wuta? Mu kuma maƙwabtan Yankari, akwai abin tsoro? Daga mai karatu a Alkaleri.

Amsa: Malam, abin da ka ji gaskiya ne, sai dai ba irin ƙasar gonarka ba ce. A dazuzzukan fadama na tsibiran Sumatra da Borniyo, ganye da rassa da saiwoyi na zubewa cikin ruwan da ba ya ƙafewa. Da yake iska ba ta kai musu, ba sa gama ruɓewa, sai su yi ta taruwa, milimita ɗaya zuwa biyu a shekara, har kaurinsu ya wuce mita 10 a wasu wurare. Idan ka damƙo ta, baƙa ce, tana tsiyayar ruwa mai launin shayi, kana ganin guntayen itace a ciki. Muddin tana jiƙe, wuta ba ta da ta cewa.

Magudanar ruwa ce ke kashe ta. Masu saran katako kan haƙa ƙananan magudanai don fitar da gungume, kamfanonin kwakwar manja kuma su haƙa manya don tsane fili. Ruwa na sauka, iska ta shiga, ƙasar ta bushe, ta riƙa lotsawa kimanin santimita 5 a shekara tana sakin iskar kabon. Daga nan guntun taba ma ya isa. Wutar irin ta ƙaiƙayi ce: sama hayaƙi kawai, ƙasa kuwa tana cin saiwoyi har bishiya ta kife da ɗanyen ganyenta. Ba ta mutuwa sai damina ta cika ƙasar da ruwa. A 2015 gobara ta cinye kimanin hekta miliyan 2.6 a Indunusiya, hayaƙin ya turnuƙe Malesiya da Singafo.

To ina amfanin gadi? Nan ne gizo ke saƙa. Iyakar gandu tana hana gatari idan akwai malaman daji, amma ba ta tare ruwa. Magudanar da aka haƙa a wajen iyaka tana zuƙe ruwan cikin gandun. Dajin Sebangau, da ke tsibirin Borniyo a Indunusiya, ya zama gandun ƙasa a 2004, amma magudanan da ɓarayin katako suka bari sun ci gaba da tsane shi, har sai da aka bi su ana datsewa. Dokar Indunusiya ta ce a filayen noma masu irin wannan ƙasa kada ruwa ya sauka fiye da santimita 40 daga doron ƙasa. Ana auna shi da bututun roba mai huje-huje da aka kafa a ƙasa. Datsiyar kuma jere ake yinta, ta katako da ƙasa, saboda guda ɗaya tak ruwa kan fi ƙarfinta ya zagaye ta gefe. Dasa bishiya kafin a maido da ruwa asarar kuɗi ce.

A Bauchi da Gombe babu irin wannan ƙasa mai kauri, domin ranin nan mai tsawo ne kuma ganye na ruɓewa da sauri. A Afirka, mafi girmanta na kwarin Kwango, inda binciken 2017 ya nuna ta kai murabba'in kilomita 145,500. Don haka ka kwantar da hankalinka kan wutar ƙarƙashin ƙasa.

Abin da ya kamata ya dame ka shi ne ɓarnar da ke farawa daga gefe. Yankari, mai murabba'in kilomita 2,244, an keɓe shi tun 1956, kuma rayuwarsa na rataye da kogin Gaji da kurmin bakinsa, inda giwaye da ɓauna ke taruwa da rani. Haka dajin Kanawa a Gombe, ruwan da ke ƙarƙashinsa ne ya riƙe shi. Idan aka sare kirya da marke don gawayi a kan tudu, aka kwashe madobiya, ruwan sama ba ya nutsewa. Gudu yake yi, ya ɗebo yashi ya binne fadama, ya bar kwazazzabo. Maɓuɓɓugar da ke kaiwa bazara sai ta ƙafe tun da sanyi, dabbobi su fito gonakinku neman ruwa.

A ganinmu, aikin da ya fi gaggawa a ƙauyukan iyaka shi ne wuta da bakin rafi. Ku share hanyar tare wuta mai faɗin mita 5 zuwa 10 da zarar an gama girbi. Idan ƙona ta zama dole, a yi ta a Nuwamba, da yamma, ciyawa da sauran danshi, kuma da sanin malaman daji. Wutar Fabrairu da Maris ce ke kashe ƙananan bishiyoyi. Ku bar aƙalla taku 30 a kowane gefen rafi ba noma ba sara. Kututturen da ya toho a gona kada a tumɓuke shi: a zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi, a datse sauran, cikin shekara uku zuwa huɗu za a fara samun itacen girki a gida. Sannan ku riƙa auna zurfin ruwan rijiyar gari da igiya mai alama a ƙarshen kowane Maris, ku rubuta. Idan ya yi shekara uku yana sauka a jere, ku kai wa mai gari da ofishin gandun daji na ƙaramar hukuma lissafin a rubuce.