Ƙananan girgizar ƙasa a jere, alamar babba ce?

Malam, ka tambaya ko ƙananan girgizar ƙasa masu zuwa a jere na nufin babba na tafe. Galibi a'a. Inda ƙasa ke da tsaga mai motsi, ruwa ko narkakken dutse kan kutsa ciki, sai ta riƙa zamewa kaɗan-kaɗan. A Santorini ta Girka, farkon 2025, dubbai suka auku, suka lafa. Amma a L'Aquila ta Italiya, a 2009, bayan watanni ana jin su, babba ta kashe mutum sama da 300.

Don Allah kada ka yarda da saƙon WhatsApp mai yanke rana, masana ma ba sa iyawa. Mu a Damagaram kan tsohon dutse muke, nesa da irin wannan tsaga. In bangonka ya tsage bayan damina, injiniyan gini za ka kira.