Me ya haɗa koyon kwamfuta da matsalolin al'umma?

Ɗan'uwa, ka ce rubuta manhaja ka zo koya, sai ga malami yana ta batun sirrin mutane da haƙƙinsu. Ni ma na yi wannan ƙorafin a ajin farko, har aka kawo mana labarin Therac-25, na'urar da ke yi wa masu cutar daji magani da haske mai ƙarfi (radiation). Tsakanin 1985 da 1987, kuskure a manhajarta ya sa ta zabga wa majinyata a Amurka da Kanada hasken da ya wuce kima, wasu suka rasu. An cire makullan kariyar da tsofaffin samfura ke da su, aka dogara da manhaja kaɗai.

Kuskuren ɗalibai shi ne haddace darasin don jarrabawa. In aikinka zai tattara lambobin wayar jama'a, tuntuɓi malaminka ko lauya kan dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023.